Yashin da Fibi Ta Ɗora a Wuta

Da yammacin wata Laraba, a ƙarshen Oktoba, lokacin da damina ta ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba, Fibi tana zaune a tsakar gidan da suke haya a Bako, cikin garin Yola, tana kaɗa bota da sukari a roba. Ita da mijinta Zadok, malamin firamare, mutanen Michika ne. Gudu ne ya kawo su Yola a shekarar da 'yan bindiga suka ci garinsu, kuma tun daga lokacin, kek ɗin da take gasawa shi ke riƙe da rabin gidan.

Aikin wannan karon baƙo ne a wurinta. Madam Nneka, mai shagon kayan fulawa a Jimeta, ita ta kawo shi. Wasu ma'aikatan agaji, Turawa da 'yan Kudu, za su yi wani bikinsu da ake shigar fatalwa ana tsorata juna don wasa. Suna son ƙananan kek na cakulan, zagayayyu kamar waina, a manne su biyu-biyu da farin kirim a tsakani, a zana musu idanu da haƙora.

"Abeg, ki sa su ba da tsoro sosai," in ji Nneka a waya, tana dariya. "Haka suke so. Na tura miki foto."

Fibi ba ta da injin gashi. Babbar tukunya take ɗorawa a kan gawayi, ta zuba yashi a gindinta, ta jera gwangwanaye, ta aza tire a kai ta rufe. Tsohon yashinta ya sha mai ya yi baƙi, yana sa kek wari. Don haka ta ɗauki bokiti ta zagaya bayan wani kango, inda ruwan sama ya tara farin yashi mai laushi a gindin wata kanya. Rana ta riga ta karkata. Da ta tura hannu ta ɗebo, sai ta ji wurin da ɗumi, irin ɗumin tabarmar da mutum ya tashi a kai yanzu. Ta ce a ranta zafin rana ne, ko da yake inuwa ce a wurin. Ta cika bokitin ta dawo.

Yashin na fara zafi, wani siririn sauti ya taso daga cikin tukunyar. Ya yi kama da fito, ya yi kama da kukan ɗan kyanwa. 'Yarta Tracy, wadda ke aji huɗu a sakandare, ta ɗago kai daga ledar kirim ɗin da take yanke wa baki.

"Mama, kin ji?"

"Yashin bai bushe ba ne. Ƙara gawayi."

Tracy ta ƙara gawayi. Sautin ya yi ta yi, sannan ya yanke.

Tire na farko ya fito da kyau, baƙi-ƙirin, ƙamshin cakulan ya cika gidan har ya tsallaka katanga. Da suka huce, Tracy ta zauna tana manna su, tana ɗiga musu fararen idanu, tana ja musu baki mai haƙora, tana nuna wa uwarta suna dariya. Ana kiran sallar magariba a masallacin unguwa dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Zadok ya fita da tocila ya zagaya gidan, yana zaton yara ne. Lungun babu kowa. Yana tsaye a waje na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, kuma ba daga wani gefe ake jefo su ba, daga sama suke sauka. Da ya tsinci ɗaya sai ya yar da sauri. Dutsen da zafi kamar daga murhu aka ciro shi.

Ba su ci abinci ba ranar. Suka shiga ɗaki suka yi addu'a, suka kwanta da fitila a kunne.

Da safe Fibi ta buɗe tiren da ta rufe da ƙyalle. Kek ɗin suna nan a jere yadda aka bar su, ba ɓera, ba tururuwa. Fuskokin ne suka canja. Haƙoran da Tracy ta zana sun ɓace, kowane baki ya buɗe ya zama zagaye, irin bakin jaririn da ke tsala kuka. Ta daɗe a tsaye tana kallonsu. Sannan ta juye su a leda ta kai bola, ba ta gaya wa kowa ba, kuma ba ta ƙara hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ba.

Hakan bai hana komai ba. Kullum rana ta sunkuya, gidan sai ya yi wani irin shiru, kaji su shige akurki tun da sauran haske, sannan jifa ya fara. Bayan jifan sai murya. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daga wajen da tukunyar take a jingine, tana lallashi da wani yare da ba Hausa ba, ba Fulatanci ba, ba kuma yarensu na gida ba. Ba ihu take yi ba. Da ihu ne da ya fi sauƙi.

Tracy ta daina cin abinci. Tafin hannuwanta suka tashi da ƙuna, alhali ba ta taɓa wuta ba. An kai ta asibiti, aka ɗaure hannun, aka auna jini, ba a ga komai ba. Fasto Silas ya zo da matan zumunta, suka yi waƙa da addu'a har muryoyinsu suka dushe, Tracy tana zaune a tsakiyarsu shiru kamar gunki. Suna fita ta tashi ta nufi tukunyar, ta durƙusa, ta tura hannuwan nan masu bandeji cikin yashin tana tonawa, tana jijjiga jiki gaba da baya. Zadok ya kama ta zai ɗaga, ta ture shi da hannu ɗaya, ya tafi taga-taga ya bugu da bango. Namiji ne mai jiki. Ya zauna a inda ya faɗi, bai ƙara yunƙurawa ba.

Adda Nahla, mai gidan, wadda ke zaune a sashen gaba, ita ta ja Fibi gefe.

"Maman Tracy, wannan ba na asibiti ba ne. Bari in aika unguwar Makama a kira Modibbo Hamajoɗa, babban malami ne. Ba ya duba addinin mutum."

Zadok ya ƙi. Ya ce me za su faɗa a coci, ya ce a ƙara haƙuri. Fibi ta saurare shi har ya gama.

"Da biyu muka fito daga Michika," ta ce. "Saura ɗaya."

Babban ɗansu take nufi, Othniel, wanda ya koma baya ya taimaki wata tsohuwa a ranar gudun, harbi ya raba su, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, a raye ko a mace. Ba sa ambaton sunansa a gidan. Zadok ya sunkuyar da kai, ya ce a kira Modibbon.

Modibbo ya iso bayan la'asar. Tsoho ne siriri, mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Ya nemi ruwa a ƙwarya da garwashi a kasko, ya barbaɗa wani gari mai ƙamshi, ya sa Fibi da Adda Nahla su riƙe yarinyar a kan tabarma. Ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta ja jiki ta rufe tsakar gidan, tsuntsaye suka yi tsit. Can Tracy ta sandare, idanunta suka juye, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, wadda kuka ya cinye.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni. Ƙunar ta ishe mu."

"Wace ce ke?"

"Ba ruwanka da sunana."

"Me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Uwarta ta kwashe min ɗa. Na kwantar da shi a yashi na je neman abin da za mu ci. Ta kwashe shi da bokiti ta ɗora a wuta. Ya yi kuka, sun ji. Wannan ta ƙara gawayi." Kan Tracy ya juya a hankali ya dubi Fibi. "Da suka gama, suka zauna suna zana fuskokinmu suna dariya."

Fibi ta ƙara riƙe kafaɗar 'yarta. "Ban sani ba," ta ce. "Allah ya sani ban sani ba."

"Ba su gan shi ba," in ji Modibbo. "Kin san ba sa ganinku. Me ya sa kika kwantar da ɗa a bakin gidajen mutane?"

"Ina zan kwantar da shi? Gidanmu yana arewa, cikin daji, tun kafin a haifi kakanka. Suka zo da bindigogi suka zauna a kanmu. Jirage suka zo suka zuba wuta. Bishiyarmu ta ƙone. Muka biyo bayan mutane, hanyar da suka bi muka bi. Duk inda muka sauka a garin nan, na wurin su kore mu. Gindin kanyar nan kaɗai na samu."

Hayaƙin kaskon ya miƙe sama bai karkata ba.

"Yaron yana raye?" Modibbo ya tambaya.

"Yana numfashi. Ba ya buɗe ido. Zan tafi da wannan a madadinsa."

"Ba za ki tafi da ita ba. Ba hakkinki ba ce."

"To hannuwanta."

"Ko farce ɗaya."

Ya koma karatu, muryarsa ta ƙara nauyi. Jikin Tracy ya lanƙwashe kamar baka, ƙafafunta suna dukan ƙasa, matan biyu suna danne ta suna kuka. Da ya tsagaita, muryar ta dawo a gajiye.

"A mayar min da yashina inda aka ɗebo, kada a bar ƙwaya. A zuba masa madarar shanu ɗanya, ta sanyaya masa jiki. Tukunyar nan kada ta ƙara hawa wuta. Kada a ƙara zana mu."

"Za a yi. Ke kuma ki yi rantsuwa da wanda ya halicce ki ba za ki dawo ba, ke da naki."

Kafin ta amsa, Fibi ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa na 'yarta.

"Ki yafe min," ta ce. "Ni ma uwa ce. Ni nawa ko gawarsa ban gani ba."

Idanun nan da suka juye suka tsaya a kanta.

"Na sani," in ji muryar, a hankali. "Mai tabo a gira. Mai jar riga. Mun wuce shi a hanya."

Fibi ta saki kafaɗar Tracy. "A ina? A tsaye yake ko a kwance?"

"Kada ki tambaye ta," in ji Modibbo, karon farko da ya ɗaga murya. "Suna faɗin gaskiya ɗaya su haɗa da ƙarya da yawa. Ƙofa take nema ta dawo." Ya juya ga yarinyar. "Rantse ki fita."

Fibi ta ce, "Modibbo, ka bari ta faɗa. Kalma ɗaya."

"Na rantse," in ji muryar.

Tracy ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki gaba ɗaya. Wata iska ta kaɗa ƙyauren gidan ya buɗe, ya koma ya rufe. A waje aka ji babur ya wuce, wani yaro yana kiran ƙanensa.

Washegari Zadok da kansa ya ɗauki yashin ya mayar gindin kanyar, ya kankare tukunyar da cokali, ya zuba madarar yadda aka ce. Jifa bai ƙara sauka ba. Ƙunar hannun Tracy ta bushe ta warke, ta koma makaranta, ba ta tuna komai ba sai cewa ta yi zazzaɓi. Fibi ta gaya wa Nneka ta nemi wata, ita kuma ta koma sayar da ƙosai a bakin titi.

Ta je Makama ita kaɗai, ba da sanin mijinta ba. Ta durƙusa a zauren Modibbo ta roƙe shi ya kira matar, ko sau ɗaya, ko a jikinta ita, ba a jikin yarinyar ba. Ta ce jar riga ce a jikin Othniel ranar gudun, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa a Yola ba.

"Ni korarsu na iya, 'yata," ya ce. "Ban iya kiransu ba. Ko na iya, ba zan yi ba."

Da ta dawo gida ta tarar da Tracy a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta zauna kusa da ita, ta kama haɓarta ta juyo da fuskarta, ta zuba wa idanunta ido, tana neman ko akwai sauran matar nan a ciki, ko da ɗan kaɗan ne, wanda za a iya tambaya. Idanun 'yarta ne kawai, masu haske, masu lafiya.

"Mama," in ji Tracy, "me ya sa kike kallona haka?"

Fibi ta ja tiren shinkafar gabanta ta fara tsinta.