Layin Da Shafi'u Ya Tsaya

A kasuwar Ose Okwodu, can ƙasar Igbo, Shafi'u ya fara ganin Mahbuba, ta tsaya gaban ɗan teburinsa na albasa tana zuba Igbo da maƙwabciyarsa kamar 'yar gari. Ya saki baki har ya cika mata leda bai sani ba. Tun daga ranar, abin mamaki, albasar gidan su Mahbuba ta riƙa ƙarewa kullum.

Mahaifinta Malam Nasidi, mai koyar da Alƙur'ani, har ya ce a turo manya. Sai ga zaɓen shugaban 'yan albasa, wanda ba a yi da ƙuri'a: kowa, ɗan albasa ne ko a'a, zai tsaya ne a bayan wanda yake so, ido na ganin ido.

Malam yana bayan Alhaji Jumare, mutumin sahun gaba a masallaci, wanda ya ce zai kwashe tebura daga bakin hanya, a bar masu shago. Ɗayan kuwa Abdulbasit ne, da kowa ya san shi da caca, amma ya ce ba mai taɓa teburin kowa.

"Shugabanci amana ne," in ji Malam. "Duk wanda ya bi mai caca, kada ya tako min gida."

Hankalin Mahbuba ya tashi. Ta tura saƙo: "Abeg, don Allah Nawan, ka tsaya a layin Baba. Tsayuwa ce kawai. Kada ka sa in rasa ka."

Ya amsa: "Sanyin idona, ni ma cacarsa tana min ciwo. Amma da teburin nan zan ciyar da ke, da shi 'yan'uwana ke ci. In yi wa Malam ƙarya da ƙafata?"

Ranar zaɓe ya tsaya bayan Abdulbasit. Malam ya dube shi daga ɗaya layin, ya kawar da kai.

Jumare ne ya ci. Aka kwashe tebura, Shafi'u ya rasa wuri, ya rasa Mahbuba, ya koma tura baro. Ita kuma ta rame, ko wayarta ba ta son gani.

Wata azahar Shafi'u ya tsaya alwala a masallaci, Malam ya hango tafin hannunsa duk kanta, ga baruka jere a ƙofar masallaci, duk na masu tebura ne.

"Shafi'u, zo nan."

Ya durƙusa. "Allah gafarta Malam."

"Ko gobe ba zan bi mai caca ba, ka ji."

"Na sani, Malam."

"Amma na duba sallar mutum, ban tambaye shi inda za ku ci abinci ba. Kai kuma ka san abin da za ka rasa, ba ka ɓuya ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a, ana ta Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Da yamma saƙonta ya shigo: "Angona, kada ka ji kunyar baro. Gobe ka ɗauko min kayan ɗakina a ciki."

Ya karanta yana dariya, yana share ido da bayan hannu.