A Tono Mini Otau

Mai unguwa Liau, ƙara na kawo, kuma ba zan yi shiru ba. Kyanwata Otau ta tsufa a hannuna, ciwon ƙoda ya cinye ta har ta mutu. Na sa ta a buhu na rataye a bishiyar bakin rafi yadda iyayenmu suke yi, don kyanwa in aka binne ta ba ta samun hutu. Sai maƙwabcina Tek-hiong ya sauke ta ya binne, wai wari ya dame shi. Na ce ya nuna mini ramin, ya ce, "Iya, je ki kwanta, zamani ya wuce ki." Ka sa shi ya tono mini ita.

Jiya da duhu ya fara, na tarar da wata tsohuwa tsugune a gindin bishiyar, gashinta duk jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na ce, "Ke kuma fa? Ba ki da gida ne?"

Ta ce, "Ƙasa da sanyi. Ɗaga ni kan bishiya."

Na ciccibe ta, ba nauyi, ƙashi ne zalla. Na yi ɗage, hannuna ya kasa kai reshe. Sai ta goga goshinta a haɓata, numfashinta yana warin maganin da nake ɗura wa Otau.