Ƙosan Inna Rekiya

Akwai wata yarinya 'yar makaranta da ba ta manta ranar da ta fara ganin Anti Yasmin ba. A tashar Kurfi ne, suna jiran motar Dutsin-Ma. Anti 'yar jarida ce a gidan rediyo. Tana ta yi wa wani direba tambayoyi da muryarta mai sanyi.

"Anti, ke tambayarki ba ta ƙarewa ne?" in ji yarinyar.

Anti ta yi murmushi. "Ba na faɗin abin da ban tabbatar ba, ƙanwata."

Ashe ma unguwarsu ɗaya.

Wata safiya yarinyar ta ga labari a wayar yayanta: "Tashin hankali! Wake mai guba ya shigo gari! Tura wa kowa!"

Tana isa makaranta ta baza shi. Da aka tashi tara, ba wanda ya je wurin Inna Rekiya mai ƙosai. Ƙosan ya huce a faranti. Larai, 'yar Inna Rekiya, ita ce babbar ƙawarta. Ranar Larai ko kallon yarinyar ba ta yi ba.

Da la'asar yarinyar ta ruga gidan Anti, ta faɗa mata abin da ya faru.

"Wa ya rubuta labarin?" in ji Anti.

"Babu suna."

"Wane gari ake nufi? An tambayi likita?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Anti ta buga waya asibiti. Aka ce ba a kawo kowa ba. Sannan ta ce, "Tashi mu je mu gani da idonmu."

Inna Rekiya ta buɗe musu durom ɗin da take ajiye wake. Ƙanshin barkono ya sa yarinyar atishawa.

"Waken gonarmu ne na Karofi," in ji Inna. "Da toka da barkono nake ajiye shi, yadda kakata ta koya mini. Gubar me?"

A hanya Anti ta ce, "Labarin gaskiya yana faɗin wanda ya gani da inda abin ya faru. Mai neman tayar da hankali kuwa ihu kawai yake yi."

Washegari yarinyar ta fara sayen ƙosai, ta ci a gaban kowa. Yara suka yi layi.

Ta kama hannun Larai, ta ɗaga murya. "Inna, ki yafe mini. Na yi alkawari ba zan sake yaɗa labari ba sai na bincika."

"Na yafe," in ji Inna tana dariya. "In ƙaro yaji?"