Saƙo na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Har aka kira magariba Afra'u tana ofishin lauyoyin da take aiki a Lafia, ita kaɗai. Gobe za a miƙa wa kotu hujjoji kan rikicin wata gona a Kwandere, kuma ita aka ba aikin tace saƙonni dubu uku da aka kwafo daga wayar marigayi mai gonar. Da gajiya ta ci ƙarfinta, duk saƙon muryar da bai kai minti ɗaya ba sai ta jefa shi cikin marasa amfani, ko saurara ba ta yi.

Fanka ta tsaya cak, alhali ba a ɗauke wuta ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

"Sannu da aiki, 'yata."

Wani tsoho ne tsaye a bakin ƙofar da ta kulle da hannunta.

"Baba, an tashi. Sai dai gobe."

"Gobe an makara. Kin yar da na ɗari huɗu da sha biyu. In babu shi, yarana sun rasa gonar nan."

Ɗazu da la'asar ta sa wa saƙonnin lamba, ko oganta bai gani ba. Ta lalubo saƙon, ta danna.

Tari biyu ya fito daga kwamfutar. Tsohon ma ya yi tari biyu. Sannan muryar marigayin ta fara faɗin iyakokin gonar, leɓɓan tsohon suna motsi tare da ita, kalma bayan kalma.