Takwara da Katin Hadda

A gida kowa Takwara yake ce mata, domin sunan Kaka aka sa mata. Tana aji biyu na sakandare. Tana son lissafi sosai, amma darasin addini ba ya gabanta.

"Ai wannan ko a gida ana yi," haka take cewa.

Ajinsu ya cika da yawa, Malamar addini ba za ta iya sauraron haddar kowa ba. Sai ta ba kowace ɗaliba kati mai layi-layi, ta haɗa su biyu-biyu. Duk ranar Laraba ɗaya za ta karanta, ɗaya ta saurara. In karatu ya yi daidai, mai sauraro ta sa hannu a katin.

"Sa hannunku shaida ce," in ji Malama. "Kada ki sa sai kin ji da kunnenki."

An haɗa Takwara da ƙawarta Doguwa, wadda suke zama benci ɗaya a jikin taga.

"Ke, miƙo katinki," Doguwa ta ce da raɗa.

"Ban haddace ba fa."

"Ni ɗin na haddace ne? Sa min, in sa miki. Wa zai sani?"

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daga ranar haka suka riƙa yi. Suna motsa baki kamar masu karatu, Takwara tana aikin lissafi a ƙarƙashin tebur.

Wata Laraba da yamma Kaka ta karɓi katin. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta bi layukan da yatsa tana murmushi.

"Takwara, yau me kuka haddace?"

"Addu'ar da ake yi wa mamaci, Kaka."

"Madalla, na samu mai yi min! Ki riƙe ta da kyau. Ba na son rabi-rabi."

"Kai, Kaka! Ke da kullum kike cinye min nama, ina za ki?"

Bayan mako uku Kaka ta kwanta zazzaɓi. Kwana huɗu ta yi, Allah ya karɓi abinsa.

Da baƙi suka ragu, wata safiya Mama ta tara su a ɗakin Kaka, Takwara da ƙanenta da Gwaggo. An naɗe katifa. Tabarau ɗin Kaka yana nan a bakin taga.

"Takwara," Mama ta ce, "kakarki ta ce kin iya addu'ar nan. Karanta mana mu bi."

Takwara ta buɗe baki. Kalma biyu ta faɗa, ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wurin.

"Yaya, ci gaba mana," in ji ƙanenta.

"Ku ƙyale ta," Gwaggo ta ce. "Kuka ne ya shaƙe ta, baiwar Allah."

Wannan maganar ta fi komai yi wa Takwara ciwo, domin ta san ba haka ba ne.

Da rana suna wanke-wanke ta gaya wa Mama gaskiya duka. Mama ta daɗe tana ɗauraye kwano ɗaya.

"Allah yana jin addu'a da kowane harshe," ta ce. "Ba wannan ne ya dame ni ba. Tsohuwar nan ta tafi tana alfahari da abin da babu. Gobe ki je ki faɗa wa Malamarku da bakinki."

Takwara ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da ma ta saurara. Da ma ta ce wa Doguwa a'a tun ranar farko.

Washegari ta sami Malama a ofishin malamai. Malama ta yi mata ta'aziyya, sannan ta saurare ta har ƙarshe. Ta sa aka kira Doguwa. Ta ɗauki jan biro ta soke layi tara a kowane kati.

"Ba ni kuka cuta ba," ta ce. "Daga yau lokacin hutun tara a nan za ku riƙa yinsa. Ni zan saurare ku."

Kwana biyu Doguwa ba ta kula Takwara ba. A rana ta uku ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke sarkin tonon asiri, zo ki ji min. Na kusa iyawa."

Sai da suka yi kwana goma kafin Malama ta gyaɗa kai.

Ranar Asabar da safe Takwara ta kira Mama da ƙanenta. Ta karanta addu'ar a hankali, suna bi. Bayan kowane layi ta faɗi ma'anarsa. Ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba.

Mama ta share hawaye, ta jawo ta jikinta.

"Allah ya kai mata ladan. Ke kuma Allah ya yi miki albarka."

Tun daga nan Takwara ba ta sake raina wani darasi ba. Ta gane cewa ilimi ba a kati yake zama ba, kuma ba a sa hannu a kan abin da ba a ji ba.