Rumfar Ƙafa Biyar da Inci Shida

Ranar da Thaddeus Pruitt ya sunkuyo ya shigo shagon ɗinkin tamfol na Wendell Haddaway, Lorna 'yar mai shagon ta ɗago daga kan keken ɗinki, ta ga mutum kansa na neman taɓa fitila. Rumfa yake so a ɗaura masa a mazaunin matuƙi na ƙaramin jirgin ruwansa mai filafili, don ranar watan Yuli a gaɓar Chesapeake ta Amurka ba ta da mutunci.

Ita aka tura awo. Tana tsaye a bayan jirgin da abin awo a hannu, hancinta har ya yi ja don rana, shi kuwa sai kai da kawowa yake kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ta ji ya manna wani abu a wayar ƙarfen da ke bayanta, ba ta kula ba.

"Dogo, ka tsaya wuri ɗaya mana, jirgin na rawa."

"To ki daina kallona, Mai Allura, sai in nutsu."

Awon da ake gamawa cikin awa guda sai da ya ci mako uku. Kullum akwai abin da aka manta, kullum sai an ƙare da cin kaguwa a bakin gadar da ake ɗaure jirage. Can ya gaya mata a watan Oktoba zai bi ruwa zuwa Florida, kuma ba ya son tafiya shi kaɗai.

Da maganar aure ta kai kunnen Wendell, ya ce sam.

"Mutumin da adireshinsa ke bin iska? 'Yata guda ɗaya? A yi masa rumfarsa ya kama gabansa."

Lorna ba ta gama da wannan ba sai ga saƙo daga Thaddeus:

"Tsayin rumfa ƙafa biyar da inci shida. Kada a ƙara ko kaɗan."

Ta sake karantawa. Duk wanda ya tashi a wannan sana'a ya san da tsayin mai tsayawa tuƙi ake yanka rumfa. Thaddeus ƙafa shida ne da inci uku. Gajeriya kuwa akwai ta: Shelby, wadda ke ja masa igiya a tseren jirage na ranar Laraba, mai dariya kafin ya gama magana.

Tambaya ɗaya da ta kashe maganar, amma Lorna jinin Haddaway ce, gara ta ƙone a ciki. Ta ɗinka rumfar da haushi, ta farke, ta sake. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa taga. Kishi ya hana ta sakat, ga Oktoba na matsowa, sai ga wani saƙon nasa.

"Mai Allura, kwana huɗu shiru. Me na yi? Ko abinci ba ya shiga."

"Rumfarku ta kammala. Asabar za a ɗaura."

Ranar Asabar, Wendell da kansa ya biyo ta, wai kada a sake wani awon mako uku. Suka kafa bututun ƙarfe, suka shimfiɗa tamfol, Lorna na jan maɗauri kamar da shi take faɗa. Tsohon ya dubi sandar filafili da ke shawagi a sama, ya dubi Thaddeus da ya tanƙware wuya a ƙarƙashin rumfar.

"Kai, saurayi, akwai sarari sosai kafin sandar nan. Me wuyanka ya yi maka?"

"Yallaɓai, in ta yi sama rana na shigowa ta gefe. Mai tuƙin kuwa fatarta ba ta jure rana."

"Sai Shelby ta gode," in ji Lorna, ba ta ɗago ba.

"Shelby? Me ya kawo Shelby nan?"

Wendell ya juya. Idonsa na kan wani guntun shuɗin salatif da ke manne a wayar baya.

"Lorna, zo ki tsaya nan."

"Baba, ina aiki."

"Na ce ki tsaya."

Ta tsaya. Salatif ɗin ya zo daidai da tsakiyar kanta, rumfar kuma yatsa huɗu a samanta, inuwa ta rufe ta har kafaɗa. Sai a lokacin ta tuna ranar awon farko. Kunya da daɗi suka taru suka lulluɓe ta.

"Tun ranar?" ta ce a hankali.

"Tun ranar."

Wendell ya cire hula ya sosa kai.

"Shekara arba'in ina wannan aiki, kowa da tsayinsa yake auna rumfa. Ban taɓa ganin wanda ya zaɓi sunkuyo a jirginsa ba." Ya nuna shi da sukurdireba. "Na amince, amma kiran waya kowace Lahadi. Afrilu kuma in gan ku a gadar nan."

An ɗaura aure ƙarshen Satumba a ƙaramin cocin bakin ruwa, Shelby ce ma ta fi kowa rawa. Da safen tafiya Wendell ya kwance musu igiya da hannunsa, ya ce:

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku iska mai kyau, ya dawo min da ku."

Lorna ta kama sandar tuƙi, tana tsaye cak a inuwarta. Thaddeus ya miƙe zai ɗaga wa surukinsa hannu, ya ƙume kai da ƙarfen rumfar.

"Sannu, Dogo," ta ce. "Ka saba, tafiyar da nisa."