Kisan Mai Goge Tabo a Boɗinga

Ranar Litinin da la'asar wani tela ya faɗo caji ofis na Boɗinga ba hula ba takalmi, ya ce an yanka Tukur mai goge tabo a cikin shagonsa.

Sufeto Maniru ya miƙe. Landirobar ofis ta yi mako uku a fake ba mai, don a wannan shekara ta tsuke bakin aljihu ko sabulu sai an yi masa layi. Babur ɗinsa ya hau, Saje Idi a bayansa.

Ba wanda bai san Tukur ba a garin. Shekara shida ya yi yana share-share a wani asibitin fata a Jidda, ya dawo da wani ɗan inji da ƙaramin janareto. Injin yashi yake fesawa a fuska, mai laushi kamar garin alkama, ya kuma tsotse shi tare da matacciyar fatar sama. In aka yi wa mutum sau huɗu ko biyar, tabon ƙuraje da zanzana sai su dushe. 'Yan mata suka yi masa ca. Har magidanta masu furfura sukan lallaɓo ta ƙofar baya, in an gan su su ce gaisuwa ce ta kawo su.

Tukur yana kwance rigingine tsakanin kujera da injin. An yanke masa maƙogwaro har ƙashi, jini ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita kwata. Tafin hannunsa na dama ya rabe biyu, alamar ya kama kaifin da hannu kafin a kai ga wuyan. Ga madubi a farfashe, ga aska irin ta wanzamai a yashe cikin jinin.

Amma abin da ya tsayar da Maniru yana cikin wani ɗan kwano a kan tebur: auduga jiƙe da jini, da guntun samfefa irin ta kafintoci, fatar mutum a manne da ita. Ya duba fuskar gawar, ba ƙwarzane ko ɗaya. Ya naɗe samfefar a takarda ya sa a aljihu.

Kafin ya fito, jama'ar da ke waje sun riga sun gama bincike sun yanke hukunci. Sodangi wanzami ne, in ji su. Tsoho ne da ya haura saba'in, shi ya yi wa rabin garin askin suna, kuma ya sha tsayawa a bakin kasuwa yana tsine wa injin, yana cewa Tukur na goge abin da Allah ya rubuta a fuskar bayinsa. Har an fara tattara duwatsu. Maniru da kansa ya sa wa tsohon ankwa, ya kai shi bayan kanta.

Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, bai ɓata lokaci ba. Ya ce ranar Alhamis za a miƙa Sodangi Sakkwato da takardar amsa laifi, da dangwalen yatsansa a ƙasa. Hukuncin kisan kai kuwa rataya ne, kowa ya sani.

"Baba, ina kake yau kafin azahar?" in ji Maniru.

"Mandera nit tahi, ranka shi daɗe. Aski nij je yi."

"Tela ya ce ya ga fitowarka daga shagon Tukur."

"Ba ni na ba."

"Askar fa?"

"Ba tawa ta ba. Ni ban barin aska da tsatsa."

Maniru ya aika Mandera, aka dawo aka ce rabon Sodangi da garin tun kaka. Ƙarya ta tabbata. Ransa ya ɓaci, ya ce da Saje Idi ya ci gaba da tambayar, ya koma ofishinsa. Ya san sarai abin da tambayar Saje Idi take nufi. Da ƙarar kulki ta fara ratso bango, da nishin tsohon, sai ya ƙara muryar rediyo. Mutumin kirki ne Maniru, haka ake shaidarsa, amma a ranar ya yi abin kunya.

Washegari da safe ya je gidan mamacin. Matarsa Kaltume ta amsa masa daga bayan labule, ta ce mijinta ba shi da abokin faɗa sai Sodangi, kuma ba ta san komai game da masu zuwa shago ba. Maniru yana saurarenta yana kallon wani buhun albasa da aka jingine a zaure, cike fam, an rubuta A.Ɗ. Shagari da koren fenti a jikinsa.

"Wa ya kawo wannan?"

Maniru ya sake duban buhun.

"Malama Kaltume, mutum biyu ne ku a gidan nan. Buhu guda na albasa ba cefane ba ne."

Sai ta fashe da kuka. Ta ce wani mai rawani ne, wanda ba ya sauke amawali daga hancinsa. Litinin uku ke nan yana zuwa, kullum sai rana ta take, lokacin da kowa ya shige inuwa. Tun zuwansa na biyu Tukur ya daina cin abinci sosai, ya kuma gargaɗe ta kada ta kuskura ta yi maganar mutumin da kowa. Tsoro ne ya hana ta faɗa.

Da ya koma ofis ya tarar da wata budurwa a kan benci, ta lulluɓe fuska da gyale. Ta ce sunanta Hasiya, autar Sodangi. Ta ɗan janye gyalen. Kumatunta sun yi ja, suna ƙyallin man kaɗanya.

"Baba da kainai yak kai ni wurin Tukur jiya," in ji ta. "Ƙuraje sunka ɓata min huska, ina ta kuka, shi ko bai iya ganin kukana. Yac ce in gari yaj jiya, shi ya mutu don kunya."

Ta ce Tukur ya kafa mata doka, kuma haka yake kafa wa duk wanda ya yi wa aiki: kwana uku kada rana ta taɓa fuskar, kada ruwa ya taɓa ta. Ita yanzu ko salla da taimama take yi.

Maniru ya shiga bayan kanta. Sodangi yana jingine da bango, ido ɗaya ya kumbure ya rufe, jini ya bushe a farin gemunsa. Maniru ya ce Hasiya ta faɗi komai. Tsohon ya sunkuyar da kai, kuma abin mamaki, wannan ya fi dukan yi masa zafi.

"Da kuka fito, wa ka gani?"

"Wani mai rawani, bayan shago shina jira."

"Ka ga fuskarsa?"

"Ya ruhe ta. Amma ni wanzami na, ɗana. Kan tsagar ya leƙo bisa amawali, nan gehen hanci. Bille ta, kuma biyu, dama da hagu. Kowa guda aka yi mai. Biyu sai ɗan da uwatai ta gaji da binne ɗiya."

Nan take Maniru ya tuna. Wata uku da suka wuce, ranar zaɓe, an sauke 'yan banga daga wata mota a Kajiji, suka sassare malamin zaɓe da adda a gaban jama'a suka gudu da akwati. Ba wanda ya san sunayensu, baƙi ne. Abu ɗaya shaidu suka haɗu a kai: wanda ya yi saran farko yana da bille biyu. An baza wannan kwatance a duk shingayen hanya.

Ya kai wa Difi'o maganar, Difi'o ya yi dariya. Fayil ɗin Kajiji, in ji shi, akwai manya a ciki, kuma shi bai shirya barin aiki ba. Ga mai laifi a hannu, ga aska, ga ƙarya. Maniru ya gargaɗi Saje Idi kada ya sake taɓa tsohon. Saje ya ƙame ya sara masa, amma idonsa yana kan ƙofar Difi'o.

Sauran yinin nan a layin mai ya ƙare. Galan ɗaya bai samu ba sai hantsin Laraba. Ya ɗauki Kofur Ɗantani da bindiga guda suka kama hanyar Shagari, zuciyarsa tana can bayan kanta.

A.Ɗ. ba ɓoyayye ba ne. Alhaji Ɗahiru ne, babban dillalin albasa, wanda motocinsa suka yi ta jigilar magoya baya lokacin kamfe. Rumbunan albasarsa suna bayan gari, bakin fadama. Ya tarbe su da fara'a, ya ce buhunansa har Legas suna zuwa, ina zai san wanda ya kai ɗaya Boɗinga? Mai bille kuwa, ya rantse bai taɓa ɗaukar irinsa aiki ba.

Maniru ya dubi leburorin da ke tsintar ruɓaɓɓiyar albasa a rana. Sun kai goma sha biyar, fiye da rabinsu sun naɗe fuska saboda zafi da wari, kuma kowa da wuƙarsa a hannu. In ya ce a kware musu fuska ɗaya bayan ɗaya, da bindiga guda, to gawarsa za a kai Boɗinga. Sai ya ce da Alhaji ba komai, sun yi ɓatan kai ne, amma za su jira su yi azahar kafin su juya.

Aka kira salla. Leburori suka yi wa rijiya dafifi, aka ja guga, kowa ya sassauta rawani yana watsa ruwa a fuska yana ajiyar zuciya. Maniru ya tsuguna da butarsa yana ƙirga su.

Mutum ɗaya bai zo ba. Wani dogo ne mai faɗin kafaɗa, ya zaga bayan wani rumbu ya ba jama'a baya. Maniru ya bi shi a hankali. Mutumin ya durƙusa, ya dafa tafukansa a kan ƙasa, ya kaɗe, ya cusa su ƙarƙashin amawali yana shafa fuska a tsorace kamar mai taɓa wuta. Taku ashirin tsakaninsa da rijiya mai cike da ruwa.

"Malam, ruwa ya ƙare ne?"

Mutumin bai waiwayo ba. "Ban da lahiya."

"Me ke damunka?"

"Haƙori."

"Ciwon haƙori ba ya hana alwala. Sauke rawanin."

Ya juyo da wuƙa a hannu. Saran farko ya tsarge wa Maniru damtse daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, na biyu ya yage masa aljihun riga. Suka kama kokawa, suka faɗa kan tarin albasa. Mutumin ya danne shi, ya sa masa gwiwa a ƙirji, ya ɗaga wuƙar. Maniru ya cafko jelar rawanin ya fizga da iyakar ƙarfinsa.

Ƙyallen ya riga ya manne da ciwon, da fata ya taho. Mutumin ya yi wata ƙara ya saki wuƙar ya dafe fuska, daidai lokacin da Kofur Ɗantani ya sauke masa gindin bindiga a ƙeya. Kofur ya harba ɗaya sama, leburori suka ja da baya. Alhaji Ɗahiru kuwa tuni ya tuna yana da uzuri a cikin gari.

Kumatun nan biyu jan nama ne tsirara, sun fara ruwa. A tsakiyar kowane, billen yana nan kwance, ya ma fi da fitowa.

Sunansa Ɗanladi. Bai wahalar da kowa ba, a nan ƙasa da ankwa a hannu ya faɗi komai. Bayan Kajiji an yi masa alkawarin za a fitar da shi ƙasar, aka watsar da shi a rumbun albasa, ko tasha ba ya iya zuwa. Da ya ji labarin injin ya ɗauka ya tsira. Sau biyu ana fesa masa yashi, bille ko gezau. A na uku Tukur ya gaya masa gaskiya, cewa injin fatar sama kawai yake ɗauka, abin da aska ta tsaga tun mutum yana jariri ya fi ƙarfinsa. Ɗanladi ya fito da samfefar da ya saya, ya ɗauki askar da Tukur ke rage wa maza gemu da ita, ya ɗora masa a wuya, ya ce ya goga.

"Yag goga har nis suma, nif farka," in ji shi. "Nid diba madubi, ga su nan. Sai yac ce min in tahi in ba da kaina, ya san ni na na Kajiji. Shi ke nan."

"Ka kashe shi, amma ka riƙe dokarsa," in ji Maniru.

"Cewa yay yi in ruwa yat taɓa, ruɓewa za ta yi."

A motar albasa suka kawo shi Boɗinga da la'asar, Maniru da damtse ɗaure da tsumma. Difi'o ya dubi fuskar Ɗanladi, ya dubi takardar da ke kan teburinsa, ya jawo durowa ya tura ta ciki. Amma Maniru ya riga ya gani. Takardar amsa laifi ce, da dangwale a ƙasa, rabi tawada rabi jini.

Aka buɗe bayan kanta aka tura Ɗanladi ciki, kurata biyu suka tallabo Sodangi suka fito da shi. Hasiya ta rufe baki da gyale. Hannunsa na dama ya kumbura kamar tulu, babban yatsa da manuniya sun karkace ta inda yatsa ba ya karkata. Ya ƙi dangwalawa ne tun safe, sai Saje Idi ya ɗora hannun a kan kanta ya bi shi da kulki.

Maniru ya durƙusa a gabansa, a gaban kuratansa, ya ce, "Baba, ka yafe mini. An kama mai laifin. Ka tafi gida."

Sodangi bai yi fushi ba, kuma da ya yi, da ya fi wa Maniru sauƙi. Ya ɗaga hannun ya daɗe yana kallonsa da idonsa mai gani.

"Na gode, ranka shi daɗe," in ji shi. "Jibi akwai suna gidan liman, ni aka jira in yi ma jinjiri aski. Wa za shi riƙe min askar?"